Ranar da Hajiya Ta Kira Sunana

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tashi kafaɗun mahaifiyarmu, ya dawo mana da ita gida tana takawa da ƙafarta. Tun da aka sallamo mu, tambaya ɗaya masu zuwa dubiya suke yi mini: wai ba an ce an yi aiki an dace ba, me ya sake mayar da ita ɗakin da ba a barin kowa ya shiga? Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. In Allah ya jarrabi wani da irin wannan jinya, kada ya shige ta a makance yadda muka shiga.

Sunana Sa'adatu, ina koyarwa a wata firamare a Gwale. Mahaifiyata, wadda nake kira Hajiya, tana zaune a Ƙofar Ruwa, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bari. Sana'arta alkaki da nakiya da dubulan na garar biki, kuma duk unguwar an san hannunta. Mu uku ta haifa: ni, sai Nasiru da ke sayar da yadi a kasuwa, sai autarmu Hadiza.

Wata Alhamis da hantsi tana tsugune gaban kasko tana suyar alkaki, ta miƙe za ta ɗauko matsami, sai ta dafe ƙeya ta ƙwalla ƙara. Hadiza tana gidan a ranar. Ta ce tunda take ba ta taɓa jin Hajiya ta ɗaga murya don ciwo ba sai ranar. Aka kai ta ɗaki ta yi ta amai, wuyanta ya sanƙare, ta ce a saki labule haske yana sokar mata ido. Da aka tambaye ta yadda take ji, sai ta ce kamar an maka mata taɓarya a kai.

Kafin in iso ɗakin ya cika da masana. Wannan ta ce hayaƙi ne, waccan ta ce hawan jininta ne ya motsa, wata kuma ta ce ai suya da hantsi a kusa da tsohuwar rijiya sai da addu'a. Aka shafa man zafi, aka ba ta ƙwayar ciwon kai, aka yi tofi. Haka muka wuni muka kwana. Da gari ya waye ta fara magana tana lumshe ido, Nasiru ya ce shi kam ya gaji da shawarwari, ya samo mota.

Ba zan tsaya ba da labarin layin yankar kati da na hoto ba, don duk wanda ya taɓa kai mara lafiya babban asibiti ya san yadda ake tsufa a kan benci. Asibitin farko suka yi hoton kai suka tura mu gaba. A na biyu muka samu likitan ƙwaƙwalwa. Ba Bahaushe ba ne, amma ya daɗe a Kano, Hausa ta zauna a bakinsa. Ya ce akwai wata jijiyar jini a cikin kan Hajiya da bangonta ya yi laushi ya kumburo, kamar yadda tayar keke take yin ƙullutu, to ƙullutun ne ya fashe jini ya zuba. In ba a ɗaure wurin ba zai sake fashewa, kuma na biyun ba kasafai yake barin mutum ba.

Aka shiga da ita tiyata. Sarƙar Hajiya da 'yan kunnenta na gwal da ta ajiye tun dawowarta daga Makka, a kuɗin aikin suka tafi, haka ma rabin kayan shagon Nasiru. Mutanen Ƙofar Ruwa kuwa sai dai Allah ya biya su. Matan layinmu ne suka ƙarasa suyar garar da ta bari a kasko, suka kai wa masu biki a kan lokaci, suka kawo mana kuɗin ko kwabo ba su taɓa ba.

Aka fito da ita, washegari ta buɗe ido, ta motsa hannu da ƙafa, ta nemi a juya ta gabas. Murna ba a magana. Nasiru ya sa aka soya waina aka raba sadaka, Hadiza ta buga wa dangi na kusa da na nesa cewa an yi an gama. Ni kaina har na fara lissafin ranar komawa makaranta.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Likita ya kira ni da Nasiru ofishinsa, ya ce mu zauna.

"Na ga kuna murna, kuma kun yi daidai," in ji shi. "Inda ya fashe mun ɗaure shi. Amma jinin da ya riga ya zuba yana nan kwance a kewayen ƙwaƙwalwa, ba a iya kwashe shi duka. Jijiyoyin wurin ba sa son wannan jinin. In ya fara lalacewa sai su tsuke, kamar an take tiyon ruwa da ƙafa. In suka tsuke, jini ba zai kai wani sashen ƙwaƙwalwa ba, sashen ya mutu."

Nasiru ya ce, "In ya mutu fa, likita?"

"Shanyewar ɓarin jiki, ko ɗaukewar magana, ko abin da ba ma fata. Ba ya zuwa a ranar farko. Sai mutum ya fara warwarewa, kowa ya saki jiki, sannan yake zuwa. Sati biyun nan da ke gabanmu su ne abin tsoro."

Da Turanci ya kira abin basospazim. Ni dai abin da na riƙe shi ne tsukewar jijiya. Ya rubuta mana wata ƙwaya, nimodifin, ya ce duk bayan awa huɗu za a ba ta, dare da rana, har sati uku, ba fashi. Ba ita take hana tsukewar gaba ɗaya ba, amma tana kare ƙwaƙwalwa in abin ya zo. Ƙwayar nan ta wahalar da Nasiru. A asibitin yau akwai gobe babu, sai ya hau babur ya bi manyan shagunan magani ɗaya bayan ɗaya, ga tsada kamar ana sayen turare. Wannan ƙorafi ne da ba zan ɓoye ba: maganin da ba a son a yi fashinsa ko sau ɗaya bai kamata a bar dangin mara lafiya suna farautarsa a gari ba.

Da aka dawo da Hajiya ɗakin mata sai maganar wa zai zauna da ita ta taso. Hadiza cikinta ya tsufa, ko sunkuyawa ba ta iya yi. Nasiru namiji ne. Matarsa kuwa suruka ce, ba a ma fara ba. Saura ni, kuma a nan gizo yake saƙar.

Ni ce 'yar fari, Hajiya kuwa irin matan da ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifinmu da Allah bai ba haihuwa ba, a hannunta na tashi a Gwale. Hajiya ba ta taɓa faɗin sunana ba. In za ta ambace ni sai ta ce "ta Gwale", in kuwa ina wurin sai ta ce "waccan". Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta cin abinci ina zaune. Ranar ɗaurin aurena gidan maƙwabta ta gudu ta wuni. Na san ba ƙi ba ne, don duk haihuwar da na yi, nakiyar da take aiko mini ta fi ta kowa zuma. Amma ina yarinya abin yana ci mini rai. Sai in ga Hadiza ta haye cinyarta tana zuba shagwaɓa, ni kuwa in gaishe ta daga bakin ƙofa ta amsa tana kallon bango.

To wannan matar ce aka ce ni zan juya, in goge wa jiki, in miƙa wa fo na fitsari da bayan gida.

Safiyar farko ma sai da al'adar nan ta tayar da ƙura. Likita ya zo zagaye, ya haska idonta, ya ce ta matse masa yatsu, ta ɗaga ƙafafu. Ya tambaye ta sunanta da inda take, ta faɗa daidai. Sai ya nuna ni.

"Mama, wace ce wannan?"

Hajiya ta kawar da kai.

"Mama, kin san ta? Faɗa mini sunanta."

Hajiya ta zuba wa bango ido. Na ga fuskarsa ta canja, ya juya yana ba da umarnin a kira masu hoto. Sista Binta, wata nas 'yar cikin gari da Allah ya haɗa jininmu da ita, ta dube ni ta ce, "Malama, ke ce ta fari?" Na ce ni ce. Ta tuntsire da dariya har da dafa gado.

"Likita, ko za a kwana ana hoto ba za ta faɗa ba. Nuna mata wani."

Nasiru yana leƙowa ta ƙofa, likita ya nuna shi. Hajiya ta ce, "Nasiru ne, uban 'yan gaggawa." Kowa ya yi dariya har shi likitan. Da aka yi masa bayani ya jinjina kai, sannan ya ja ni gefe.

"Kin ga abin da ya faru yanzu? Ni na san ƙwaƙwalwa, amma ban san mamanki ba. Tsukewar nan wani lokaci ba da shanyewar hannu take fara sallama ba. Hali ne yake fara canjawa. Mai surutu ya yi shiru, mai shiru ya kama surutu, ko yawan barci. Duk abin da kika ga ba halinta ba ne, ko da mai kyau ne, kira mu. Gara ki kira mu a banza sau goma."

Bayan 'yan kwanaki, da aka ga tana ci tana sha, aka cire mata robar fitsari, don Sista ta ce in ta daɗe tana jawo wata cutar, aka kuma rage ƙarin ruwa. Sista Binta ta ajiye mini manyan gorunan ruwa ta ce kullum sai Hajiya ta shanye su. Ta ce jikin da ya bushe jininsa raguwa yake yi, jijiyar da take shirin tsukewa kuwa abin da take jira ke nan. Na ce to. Da yake na san ba za ta sha ina kallo ba, sai na samo dabara: in cika kofi in ajiye mata, in fita baranda kamar zan amsa waya. In na dawo sai in tarar babu komai a kofin. Na riƙa yaba wa kaina wayo.

Ana haka Gwaggo Ladi ta iso da nata asibitin. Gwaggo sa'ar Hajiya ce, ga wasan ƙanwar miji da matar wa a tsakaninsu, in suka haɗu sai an raba. Ta shigo tana jan gwiwa, riƙe da fulas. Tana zama aka zo awon jinin Hajiya, ta ji lambar da aka faɗa, ta saki salati.

"Wannan ai jinin ya hau bene! Sa'a, miƙo kofi. Zoɓo ne na dafo mata ba sukari, da tafarnuwa. Kofi biyu zai sauko da shi."

Na ce, "Gwaggo, an hana. Ko maganin hawan jininta na gida sun ce a ajiye tukuna."

"Wa ya hana?"

"Likita."

"Hawan jini ne ya fasa mata jijiya, yanzu kuma a ce kada jini ya sauka? Wannan wane irin likita ne, a ina ya yi karatun?"

Sista Binta ta jiyo mu ta zo. Ta ce da can da ƙullutun yake a buɗe, hawan jini shi ne abokin gaba. Yanzu an ɗaure shi, abin tsoron ya juya: in hanya ta ƙuntata, sai da ƙarfi jini zai wuce, in aka saukar da shi ba zai kai inda ake so ba. Gwaggo ta taɓe baki ta ce boko dai ba ya rasa magana. Tunda nake ban taɓa musu da matar da ta raine ni ba sai ranar. Na karɓe fulas ɗin na tura ƙarƙashin gado, ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata a daƙile. Zoɓon kuwa ni na sha abina, don nawa jinin ma a lokacin ya hau.

Muka shiga sati na biyu Hajiya tana ƙara kyau. Tana zama da kanta, tana jan carbi, tana yi wa Nasiru faɗan ya bar shago a hannun yara. Ƙwaya ba mu taɓa fashi ba. Fo kuwa ba ta taɓa nema a wurina ba, sai na tafi salla take kiran nas, ni kuma na bar ta a haka don in rage mata nauyi. Ban tsaya na lura da cewa neman nata ya yi ƙaranci ba.

Ranar da abin ya faru, tun safe take yawan gyangyaɗi, na ce gajiya ce. Bayan la'asar lokacin dubiya ya yi, ɗaki ya cika. Gwaggo tana kan kujera, Hadiza tana bakin gado tana ɓare lemo, ni ina tsaye wajen taga ina ninke zannuwa.

"Sa'adatu."

Na waiwaya ina neman mai kiran. Muryar na san ta, amma ban taɓa jin sunana a cikinta ba.

"Sa'adatu, zo nan mana. Kin tsaya can kamar baƙuwa."

Hajiya ce. Idonta a cikin nawa, tana murmushi, tana bubbuga katifa a gefenta. Lemon ya faɗi daga hannun Hadiza. Gwaggo ta toshe baki da mayafi don kada guɗa ta kufce mata a asibiti.

"Allah mai iko!" in ji Gwaggo. "Jinya ta yi rana. Je ki mana, uwarki tana kira!"

Na je na zauna. Ta kama hannuna ta riƙe, ta ce, "Kin rame, 'yar nan. Ba kya cin abinci ne? Sa'adatu tawa." Ta sake faɗa, tana dariya ƙasa-ƙasa. Hadiza tana hawaye tana laluben waya za ta gaya wa Nasiru.

Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Na haura arba'in, ina da 'ya'ya har da mai shirin aure, amma a lokacin ji na yi kamar in kwantar da kai a cinyarta in yi ta kuka. Abin da nake jira ke nan tun ina tsayawa a bakin ƙofa. Zuciyata ta ce ki zauna, ki ƙara ji ko sau ɗaya ne.

Sai ɗankwalinta ya zame, askin da aka yi mata da ɗinkin suka fito fili, ga maza 'yan dubiya suna wucewa. Ba ta kai hannu ta gyara ba. Hajiyar da ko a tiyata sai da ta roƙi a rufe mata kai. Ruwa ba ya tsami banza. Matar da ta riƙe abu fiye da shekara arba'in, ta riƙe shi ranar aurena, ta riƙe shi a gaban likita, ba za ta sake shi haka kawai ana ɓare lemo ba.

Na zare hannuna daga nata. Wallahi ban taɓa yin abin da ya yi mini wuya kamar zare hannun nan ba. Na miƙe, Gwaggo ta cafke mini mayafi.

"Ina za ki?"

"Sista zan kira."

"A kan me?"

"Gwaggo, wannan ba Hajiya ba ce."

"Ji 'yar nema! Uwarki ta kira sunanki, maimakon ki gode wa Allah sai ki kira mata likita? So kike a ce ta taɓu?"

Na bar mata mayafin a hannu na fita da gudu. Na tarar da Sista Binta tana haɗa allurai. Duk bayanin da na shirya ya gudu, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Sista, ta kira sunana." Na zaci dariya za ta yi. Ajiye abin hannunta ta yi, ta riga ni isa gadon.

Ta ce Hajiya ta ɗaga ƙafar hagu, ta ɗaga. Ta ce ta ɗaga ta dama, ƙafar ta ɗan taso ta koma yaraf. Ta duba harshenta ta ga ya bushe, ta auna jini ta ga ya sauka ƙasa da inda suke so. Ta tambaye ta inda take, Hajiya ta ce a gida mana, tana dariya. Kafin a ce haka likita ya iso, aka kori 'yan dubiya, aka maƙala ledar ruwa, aka tura gadon zuwa hoto, daga can aka wuce da ita ɗakin kulawa ta musamman.

Muna zaune a baranda jugum-jugum, sai wata baiwar Allah da take jinyar 'yarta a gadon kusa da namu ta matso kusa da ni tana murza hannu.

"Malama, ki yafe ni. Ruwan nan da kike ajiye mata, in kin fita kurɓa ɗaya take yi ta juye sauran a buta. Ta ce kada in faɗa. Wai in ta sha da yawa fitsari zai matsa mata, kuma ba za ta iya bari ki ɗauki fo ɗinta ba. Ni na ɗauka kawaici ne irin na manya."

Ban ji haushin matar ba, ban ji haushin Hajiya ba. Tausayi ne ya kama ni. Ta gwammace ƙishirwa a kan 'yar farinta ta ga abin da take ganin bai kamata ta gani ba.

Da likita ya fito na gaya masa. Ya ce kada mu ɗora wa kanmu duka, tsukewar nan tana iya zuwa ko an yi komai daidai, amma bushewar jiki tana buɗe mata ƙofa. Ya ce jijiyar da take kai jini gaban ƙwaƙwalwa ce ta tsuke, wurin da yake riƙe da kunya da kamun kai, yake kuma motsa ƙafa. Yanzu suna ba ta ruwa, suna kuma ba ta maganin da zai ɗaga jininta da gangan don ya kutsa ta ƙuntatacciyar hanyar. Nasiru ya tambaye shi ko ƙafar za ta dawo. Ya ce bai sani ba tukuna, amma an zo da wuri, da an bari ta kwana a haka da maganar ta bambanta.

Na rako Gwaggo bakin titi. Tana shirin hawa adaidaita ta miƙo mini mayafina, ta ce, "Sa'a, da kin biye mini fa?" Sai ta fashe da kuka. Na ce, "Gwaggo, ai ni ma saura kaɗan in biye wa kaina."

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, na ɗan lokaci kaɗan. In na shiga sai in tarar da ita cikin wayoyi, wani lokaci tana barci, wani lokaci ta bi ni da ido. Sista Binta ba a ɗakin take aiki ba, amma in ta tashi sai ta leƙa ta fito ta gaya mana gaskiyar abin da ta gani. Allah ya saka wa matar nan da Aljanna.

Wata safiya na shiga na yi sallama a hankali. Hajiya ta buɗe ido ta gan ni. Sai ta kai hannu ta jawo zanen rufa ta rufe kanta, ta juya fuska wajen bango, ta ce da nas ɗin da ke tsaye, "Ku ce wa waccan ta je ta karya, tun ɗazu nake jin muryarta a waje." Na dubi ƙarshen gadon, yatsun ƙafar dama suna motsi.

Na fito baranda na durƙusa ina kuka ina hamdala. Hadiza ta ruɗe ta zaci mutuwa aka yi. Na ce mata, "Ta juya mini baya! Hajiya ta dawo!" Mutanen da ke wurin suka yi ta kallona kamar wadda ta zautu.

Da aka mayar da mu ɗakin mata muka canja tsari. Gwaggo Ladi, da ciwon gwiwarta da komai, ta ce ita za ta riƙa wuni, fo kuma nata ne, in ba ta nan na nas ne. Ni aka bar mini ƙwaya da wanki da zirga-zirga. Ruwa kuwa a gaban Gwaggo ake shan sa. Sai ta cika kofi ta tsaya a kanta.

"Shanye, matar yaya. Saura ki ce kunyata kike ji, ni da na san ranar da aka kawo ki gidanmu kina kuka da majina."

"Allah ya shirye ki, Ladi," in ji Hajiya, ta kafa kai ta shanye.

Gwaggon da ta zo da zoɓo ita ce ta koma mai gadin ƙofa. Duk wanda ya shigo da jiƙo ko wani sassaƙe, sai ta tare shi ta yi masa bayanin tiyon ruwa da ƙuntatacciyar hanya, kai ka ce ita ta yi tiyatar. Haka muka cika sati ukun ƙwayar, aka sake hoto, likita ya ce haɗarin ya wuce. Muka yi masa godiya har ya rasa inda zai sa kansa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe ba shi da yawa. Ciwon kan da ya faɗo wa mutum farat ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba, ba na man zafi ba ne, asibiti ake nufa a ranar. In an yi aiki an ce an dace, a yi hamdala amma kada a kwance ɗamara, don sauran aikin yana hannun mai jinya. Kuma a duba wa aka ajiye a gefen gado. Mu nan cikin gari muna da iyaye da surukai da za su gwammace su bushe a kan su nemi fo a hannun wanda suke jin nauyi, kuma ba za su faɗa ba. Kofin da ka tarar babu komai a ciki ba shaida ba ne, sai ka ga an haɗiye.

Yanzu Hajiya tana gida. Tana ɗan jan ƙafar dama, tana dogara sanda in za ta fita tsakar gida, ana kai ta asibiti gashin ƙafa. Suya an hana ta tukuna, sai dai ta zauna a kujera tana ba da umarni. Abin da ya faru ranar nan da la'asar ba ta tuna ko ɗaya.

Ranar sunan jaririn Hadiza, da jama'a suka watse, muka rage mu uku a ɗaki. Hadiza da ba a raba ta da tsokana ta ce, "Umma, kin san a asibiti kin kira sunan Yaya? Har sau huɗu, kina riƙe da hannunta."

"Ƙarya kike," in ji Hajiya.

"Wallahi. Da jin haka ta ce ba ke ba ce, ta fizge hannunta ta ruga kiran likita. Ya ce da ta zauna jin daɗi, da yanzu ba kya takawa."

Hajiya ta sunkuyar da kai tana kallon carbin da ke hannunta. Ni ina bakin ƙofa, inda na saba zama. Can ta share ido da gefen mayafi, ba ta dube ni ba.

"Ki ce wa ta Gwale na ji abin da ta yi. Ki ce mata Allah ya ba ta masu yi mata."

Hadiza ta juyo gare ni da gaske, kamar ina wata unguwa. "Yaya, Umma ta ce Allah ya ba ki masu yi miki."

Na ce, "Ki ce mata amin."